Sa'a Guda Kafin Mai Haya Ya Ja Tirela

Sana'armu ita ce bayar da hayar ƙananan tirelolin kwana da kuma gyaransu. Ɗan ɗaki ne mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya, a ja shi zuwa bakin tafki ko gindin dutse ko wani sansani da aka tanada, a yada zango a kwana a ciki. Ni ne da yaran aiki kaɗan, kuma babu wanda ya fi ƙarfin riƙe sifana a cikinmu. Babbar tirelarmu ba ta kai mita 5 ba. Ƙaramar kuwa gado ce kawai da rufi, sai wurin girki a baya da ake ɗaga murfinsa sama. Irin wannan mai siffar ɗigon hawaye ta yi tashe a Amurka tun shekarun 1930, lokacin da mutane ke ƙera ta da hannunsu a gida daga zanen da mujallu ke bugawa. Har gobe tana da masoya, domin motar gida ma tana iya janta, kuma mutum ɗaya zai iya tura ta da hannu ya gyara mata zama.

Duk wanda ya shigo garejinmu, gado yake fara tambaya, sai labule da fitilu. Ni kuma idona na kan motar da ya zo da ita. Kafin mu yi maganar ranakun haya sai na ga littafin motar, na ga nauyin da masu ƙera ta suka yarda ta ja, da nauyin da maɗaurin bayanta zai iya ɗauka. Idan lissafin bai fita ba, ba na bayarwa, ko da kuwa tirelar za ta kwana a gareji ba ta kawo ko sisi ba. Wasu sukan tafi da fushi. Na gwammace fushinsu a nan da kiran waya daga bakin hanya da tsakar dare.

Ƙanƙantar tirelar ce ke ruɗin mutane. Suna ganin tunda ba ta da girma ba ta da sharaɗi, alhali ƙanƙantar ce ta sa sararin kuskure ya yi kaɗan. A yawancin namu, kayan da za a iya ƙarawa a kan nauyin tirelar kanta ba su wuce kilo 200 zuwa 300 ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 40 ya ci kilo 40 tun ba a sa ko bargo ba. Ga batir, ga tukunyar gas, ga kujerun zama, ga akwatin sanyi. Kafin mutum ya ankara ya cika ta.

Abin da ya fi yawan kayan muhimmanci shi ne inda aka ajiye su. Dole wuyan tirela, wato ƙarfen da ya miƙo gaba ya hau kan ƙwallon maɗaurin mota, ya danna ƙasa da wani kaso na nauyinta. A Amurka ana ba da shawarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a Turai kuma sun saba da ƙasa da haka, wajen kashi 5 zuwa 7. A lissafin Amurka, tirela mai kilo 700 tana son kilo 70 zuwa 105 a wuyanta, matuƙar maɗaurin motar zai ɗauka. Ba sai an sayi wata na'ura ba. Sikelin auna mutum da guntun katako da aka yanka daidai tsayin maɗaurin sun isa, a sa katakon a tsaye a kan sikelin, a sauke wuyan a kansa, a karanta.

Akwai wani magidanci da ya zo ɗaukar tirela shi da iyalinsa, ya yi lodinsa tsaf, komai a ɗaure. Kekunan yara biyu da janareta da jarkar ruwa duk ya jera su a can ƙarshen baya, wai don a sami wurin wucewa a ciki. Na ce masa, "Malam, zo ka ɗaga wuyan nan." Ya sa hannu ɗaya ya ɗaga shi sama ba tare da ya yi nishi ba, har ya yi murmushi yana cewa ai ba nauyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, rashin nauyin nan shi ne matsalar." Muka sauke komai, muka mayar da janareta da ruwa ƙasa a kan sandar tayoyi da ɗan gabanta kaɗan, kayan sawa da barguna suka koma sama da baya. Da ya sake gwadawa sai da ya sa hannu biyu ya tanƙwara gwiwa. Uwargidansa ce ta ɗauki hoton yadda muka jera kayan, ta ce haka za su mayar da su ranar dawowa.

Tirelar da bayanta ya fi gabanta nauyi ba ta nuna halinta a cikin gari. Sai an hau babban titi an taka mota, babbar mota ta wuce ta buga mata iska, ko an fara gangara, sannan ta soma lilo hagu da dama, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. A wannan lokacin ƙafa birki take nema, hannu kuma yana son ya murɗa sitiyari ya gyara, kuma duka biyun ƙara ta'azzara abin suke yi. Abin da muke nanata wa kowa shi ne ya riƙe sitiyari a miƙe, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya bar gudun ya mutu da kansa. Idan tirelar mai birkin lantarki ce, ya danna nata birkin ita kaɗai da hannu, hakan zai ja ta ta miƙe. Sannan ya sami wuri ya tsaya ya sake lodi.

Ɗaura tirelar a mota kuwa, ba ma barin yaro ya yi wa mai haya. Shi zai yi da hannunsa muna tsaye, ya kwance, ya sake. Ƙwallon maɗauri iri-iri ne: a Turai milimita 50 ne, a Amurka akwai inci 1 da 7/8, da inci 2, da inci 2 da 5/16. Bakin tirela mai faɗi zai zauna a kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama, ramin farko a hanya ya tsinke shi. Shi ya sa bayan an kulle muke sa a murɗa jak ɗin wuya sama har sai mun ga bayan motar ya ɗan ɗaga tare da shi. In ya ɗaga, ya kama. Sarƙoƙin tsaro biyu a gitta su a ƙarƙashin wuyan, don in ya kuɓuce su tallafe shi kada ya caki kwalta. Sai mutum ɗaya ya tsaya a baya ana gwada sigina da fitilar birki.

Daga nan sai ribas. Mutane na mamakin cewa gajeriyar tirela ta fi doguwa wuyar komawa baya, don kaɗan aka karkata sitiyari ta riga ta naɗe ta nufi gefen mota. Mukan ce ya sa hannu a ƙasan sitiyari, duk inda yake son bayan tirela ya nufa ya kai hannun can, kaɗan-kaɗan. In ta fara naɗewa ya tsaya ya ja gaba ya miƙe, babu abin kunya a ciki.

Aikin da mai haya ba ya gani shi ne na ƙarƙashi, kuma nan rabin sana'ar take. Ƙananan tayoyi sun fi na mota yawan juyawa a kowace kilomita, boris ɗinsu, wato ƙananan ƙarafan da taya ke juyawa a kansu, na shan wahala. Duk shekara muke kwance su, mu wanke, mu duba ko sun yi tabo ko sun sauya launi saboda zafi, mu cusa sabon giris da tafin hannu har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen. Tayar tirela kuma ba kasafai take cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana na cinta, gefenta na tsattsagewa alhali zanenta na nan kamar sabo. A jikin taya akwai lamba huɗu da ke faɗin haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. In ta haura shekara biyar zuwa shida muna sauke ta komai kyanta. Muna roƙon mai haya duk inda ya tsaya shan mai ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ya kira mu kafin ya ƙara gaba.

A sansani, waji ake fara sa wa tayoyi kafin a kwance tirela daga mota, ko da ƙasar ta yi kama da shimfiɗaɗɗiya. Ƙafafun ƙarfen da ake saukewa a kusurwoyinta na hana girgiza ne, ba a ɗaga tirela da su. A daidaita zamanta, musamman in firijinta mai aiki da gas ne, domin irinsa yana lalacewa in ya daɗe yana aiki a karkace. Batir irin na da, mai ruwa, ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi.

Magana ɗaya ce nake ɗaure fuska in na zo kanta, ita ce ta iska. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai. Kada a kunna murhun girki ko gawayi a ciki don jin ɗumi, kada a ajiye janareta kusa da taga. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, mai barci ba ya ma sanin yana shaƙarsa. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, shi ya sa na'urar da ke jin warinsa take kusa da daɓe. Kowace tirelarmu na da ƙararrawar duka biyun, kuma a gaban mai haya nake danna su ya ji kukansu. Ko ana sanyi a bar kafar rufi a ɗan buɗe. Numfashin mutum biyu a dare ɗaya ya isa ya jiƙa tagogi da bango sharkaf.

Danshin nan da ruwan sama su ne ke kashe tirela a hankali. In lokacin tafiye-tafiye ya wuce, haya ta ja baya, gyaran tirelolin mutane ne ke riƙe da mu, kuma mafi yawansa ɓarnar ruwa ce. Gam ɗin da ke bakin taga da kafar rufi yana bushewa ya tsage, ruwa ya bi ta nan shekara da shekaru, katakon ciki ya ruɓe ba wanda ya sani. Tirelolin da ke da jikin faiba, irin Boler da aka fara ƙerawa a Kanada a 1968, sun fi sauƙin wannan, tunda ɓari biyu ne aka haɗa, mahaɗarsu kaɗan ce, amma su ma tagoginsu na yoyo. Masu son sayen ta hannu sukan kawo mana mu duba musu kafin su biya. Nakan cire takalmi in taka kowace kusurwa ta daɓen da diddige, in buɗe akwatunan ƙarƙashin gado in shinshina, in danna bangon da ke ƙasan kowace taga da babban yatsa. Inda ya lotsa, sai in kira mai sayen ya danna da kansa, sannan mu zauna mu lissafa masa aikin da ke jiransa kafin ya koma wurin mai sayarwa.