Kafin a Yi Gardamar Tsohon Fim da Sabo, a Tabbatar Abu Ɗaya Aka Kalla

Duk inda abokai suka zauna hirar fim, da wuya a tashi ba a kai ga gardamar nan ba: na da ne suka fi, ko na yanzu? Wani ya ce tsofaffin finafinai jan rai gare su, sai ka gaji da jira ba abin da ya faru. Wani ya ce na yanzu hayaniya ce kawai da walƙiya. A ganina rabin wannan gardama a kan kwafin da kowa ya samu ake yinta, da saitin talabijin ɗinsa, da lasifikar da ya ji sautin ta cikinta. Mutum biyar za su rantse fim ɗaya suka kalla, alhali abu biyar daban-daban ne ya shiga idonsu.

A fara da siffar hoton, don nan aka fi yi wa tsohon fim ɓarna. Daga 1932 zuwa farkon shekarun 1950, yawancin finafinai ana ɗaukarsu ne a ma'aunin 1.37:1, wato faɗin hoton ya ɗara tsayinsa da kaɗan. A 1953 CinemaScope ya shigo da hoto mai faɗi sosai, daga nan aka zauna a kan ma'auni biyu da har yau su aka fi gani a silima, 1.85:1 da 2.39:1. Talabijin ɗin zamani kuwa 1.78:1 ce. Saboda haka tsohon fim da aka nuna daidai dole ya bar baƙin fili a dama da hagu, mai faɗi kuma ya bar shi sama da ƙasa. Mutane da yawa suna ganin wannan baƙin a matsayin aibi, sai su danna rimot hoton ya cika allo. In talabijin ta ja hoton ne, fuskoki su yi faɗi, kowa ya koma gajere. In kuma ta kusanto da shi ne, kusan kashi 23 cikin ɗari na hoton ya tafi, galibi saman kawunan mutane da hannayensu. Akwai tsofaffin kwafe da aka yanko daga fim mai faɗin 2.35:1 don su dace da talabijin ɗin da, waɗannan sun zubar da kusan kashi 43 cikin ɗari. Darakta ya tsayar da mutum biyu a gefe da gefe na allo don a ga tazarar da ke tsakaninsu, kai kuma kana ganin mutum ɗaya yana magana da iska. Gwajin mai sauƙi ne: a nemi wani abu zagayayye a cikin fim ɗin, tayar mota ko agogon bango. In ya yi siffar ƙwai, an ja hoton.

Sai motsi. Tun da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, fim yana tafiya ne a kan hotuna 24 cikin kowane sakan. Yawancin talabijin na yanzu suna zuwa da wani saiti a kunne wanda ke ƙirƙirar ƙarin hotuna tsakanin na asali don motsi ya yi santsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Yana da amfani a kallon ƙwallo. A fim kuwa yana mayar da aikin da aka sha wahala a kansa kamar bidiyon da aka ɗauka da waya, ya tona asirin bangon katako da kwalliyar fuska, ya kuma bar wani inuwa-inuwa a gefen duk abin da ke gudu. A kashe shi. In talabijin ɗin tana da Filmmaker Mode, wanda ya fara zuwa a cikin na'urori tun 2020, danna shi kawai ya wadatar, don yana kashe santsin, ya bar siffar hoton yadda take, ya daidaita launi. In babu, a zaɓi saitin silima, a sauke ƙarin kaifin hoto zuwa ƙasa, a kashe mai goge dishi-dishi. Wannan dishi-dishin da ake gani a tsohon fim ba datti ba ne, ƙwayoyin sinadarin da suka kama hasken ne, kuma in aka goge su fatar mutane ta koma kamar roba.

Akwai matsalar sauri da mutane ƙalilan ne suka san da ita. Kwafen da aka fitar a tsarin talabijin na PAL suna tafiya a kan hotuna 25, wato sun fi na asali sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari. Fim ɗin awa biyu sai ya ƙare a minti 115, muryoyi da kiɗa kuma su ɗan yi sama in ba a gyara ba. Finafinan zamanin da babu sauti lamarinsu ya fi haka. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, sau da yawa a kan hotuna 16 zuwa 20. In aka kunna abin da aka ɗauka a 18 a kan 24, an ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na sauri, shi ya sa ake ganin mutane suna tafiya da gudu-gudu kamar an kora su. Masu kallo na wancan zamani ba lallai ne haka suka gan su ba.

Kafin ranar zama, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin tantance kwafi, ya sanar da kowa tsawonsa a minti. Wannan lamba ita ce shaida mafi sauƙi. Metropolis na Fritz Lang, wanda ya fito a Jamus a 1927, ya shafe shekaru tamanin yana yawo a gutsure, har sai da aka gano wani kwafi a Ajantina a 2008, aka mayar masa da kusan minti 25 a fitowar 2010. Wanda ya kalli gutsurarren ya ce labarin bai haɗu ba yana da gaskiya, wanda ya kalli cikakken ya musa shi ma yana da gaskiya. Blade Runner na 1982 yana da fitowar 1992 da ta 2007, kuma sun bambanta da na farko har a ƙarshen labari. Sholay na 1975 hukumar tace finafinai ta Indiya ce ta sa aka canza masa ƙarshe. Mughal-e-Azam na 1960 yawancinsa baƙi da fari ne, a 2004 aka sake fitar da shi an shafa masa launi. Ni dai ina ganin a fara da baƙi da farin, domin mai ɗaukar hoto ya tsara haskensa ne yana sane da cewa inuwa ce kaɗai launin da yake da shi.

Adalcin nan sabon fim ma yana buƙatarsa. Ƙorafi biyu ake yawan yi masa, duhu da rashin jin magana. Kyamarorin dijital na iya ɗauka da ɗan haske kaɗan, ana kuma daidaita launin ne a ɗaki mai duhu. In aka kalla da fitila a kunne, ko taga a buɗe, rabin abin da ke cikin inuwar ya ɓace. A kashe fitilun ɗaki, a bar ƙarama ɗaya a bayan talabijin, a kashe saitin tattalin wuta da ke rage hasken allo da kansa. In intanet ba ta da ƙarfi, wuraren duhu su ne ke fara farfashewa su zama tubali-tubali, gara a sauke fim ɗin tun da wuri. Batun magana kuwa, ana haɗa sautin ne don lasifika shida, ana ajiye maganar 'yan wasa a ta tsakiya. Idan aka matse duka cikin ƙananan lasifika biyu na talabijin, kiɗa da ƙarar fashewa su danne ta. A duba ko kwafin yana da zaɓin sitiriyo, ko a kunna saitin dare wanda ke rage tazara tsakanin raɗa da tsawa.

Rubutun fassara a ƙasan allo ya fi fassarar murya in dai sharhi za a yi, don murya rabin wasan jarumi ce. In rubutun ya riga magana ko ya makara da tazara iri ɗaya tun daga farko, a manhajar VLC ta Windows maɓallan G da H suna matsar da shi kaɗan-kaɗan. In kuwa ya fara daidai sannan tazarar tana ƙaruwa, an yi shi ne don kwafi mai wani saurin daban, matsarwa ba za ta yi magani ba, sai an nemo wani.

To, an kalli abu ɗaya. Yanzu hirar.

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Sama da haka zaman ya rabu gida biyu. Kada kowa ya karanta sharhin wasu kafin kallo, domin da zarar mutum ya karanta, ra'ayin aro zai shigo da shi yana zaton nasa ne. Bayan an gama, a ɗauki minti biyar shiru, kowa ya rubuta fitowa ɗaya da ta tsaya masa a rai, da mintin da take. Wanda ya fi ƙarancin sanin fim ɗin shi zai fara, wanda ya kalle shi sau goma ya zo ƙarshe. In aka juya tsarin, masani ya buɗe baki da tarihin darakta, sauran sai gyaɗa kai. Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne maimaita labari. Kowa ya gani, ba sai an sake ba shi ba. Na biyunsa shi ne "ya yi kyau" da "bai yi ba" babu hujja. Duk wanda ya yanke hukunci, a ce masa ya nuna wurin, a mayar da fim ɗin can, a sake kallon minti biyun tare. Sau da yawa a nan ne wani zai lura cewa kyamara ba ta motsa ba tun da matar ta shigo, ko kiɗa ya ɗauke daidai lokacin da aka faɗi ƙarya.

Gardamar jan rai ma ana iya auna ta. A zaɓi minti biyar daga tsakiyar kowane fim, mutum biyu su ƙirga sau nawa aka yanka daga hoto zuwa wani, a raba sakan 300 da adadin. Yanka 30 na nufin kowane hoto ya zauna sakan 10, yanka 100 kuma sakan 3. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa finafinan Amurka na tsakanin 1930 da 1960 sukan tsaya tsakanin sakan 8 zuwa 11, daga baya abin ya yi ta raguwa. Lambar ba ta ce wane ya fi ba. Amfaninta shi ne ta kai ku ga tambayar da ta fi muhimmanci: a cikin sakan goman nan, me ke faruwa? A tsohon fim mai kyau, 'yan wasa ne ke motsi a cikin hoton, wani ya matso gaba, wani ya juya baya, matsayinsu yana ba da labarin wa ke da iko. A sabo, yankan ne ke ɗaukar wannan aiki, yana kai idonka inda ake so. Kowanne yana da gwanaye, yana da masu kwaɓawa.

Haɗa fim biyu masu matsala ɗaya ya fi a ɗauko kowanne daga inda aka ga dama. Seven Samurai na Akira Kurosawa, 1954, minti 207 ne. The Magnificent Seven na 1960 ya ɗauki ƙashin labarin ya kai shi wata ƙasa a cikin minti 128, aka sake yinsa a 2016. Ƙauye ɗaya, 'yan fashi, mayaƙan haya bakwai. A tambayi me aka zubar a wannan minti tamanin ɗin, sai a ga yawanci manoman ne aka rage, da tsoronsu, da zargin da ke tsakaninsu da waɗanda suka ɗauko. Daga nan hira ta bar "wanne ya fi daɗi" ta koma kan wa fim ɗin ya ɗauka da muhimmanci.

Akwai kuma abin da darakta ya zaɓa da abin da aka tilasta masa, kuma ya kamata a raba su. Daga 1934 zuwa 1968 finafinan Amurka suna ƙarƙashin ƙa'idar Hays, wadda ta hana mai laifi ya tsira ba hukunci. Shi ya sa a Rebecca na 1940 kisan da ke cikin littafin aka mayar da shi haɗari. Motar da take tsaye ana haska hoton titi a bayanta don a ga kamar tana tafiya, ko dare da aka ɗauka da rana aka dusashe shi, iyakar kayan aikin zamanin ne. Amma wannan uzuri yana da iyaka. In tsohon fim ya wulaƙanta wasu mutane, ko wasan jarumarsa ya yi sanyi, a faɗa. Tsufa ba ya wanke fim.

Maki a bar shi ƙarshe, kowa ya rubuta nasa a ɓoye kafin a bayyana, a kuma ajiye takardun. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masu sharhi duk shekara goma tun 1952. Citizen Kane ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002, a 2012 Vertigo ya karɓe, fim ɗin da bai samu yabo mai yawa ba lokacin da ya fito a 1958, a 2022 kuma Jeanne Dielman na Chantal Akerman ya hau. Finafinan suna nan yadda suke, masu kallon ne suka canza. Bayan shekara biyu ku ma ku sake kallon ɗaya daga cikin waɗanda kuka yi wa maki, da kwafi ɗaya da saiti ɗaya, ku ba da sabon maki kafin a buɗe tsohuwar takardar.