Yadda littafin Russell ya sa na ji kunya a majalisa

Ƙannena masu sha'awar falsafa, ku matso in ba ku labarin ramin da na faɗa.

Ina aji biyu a jami'a na sayi littafin nan na Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, kan tarihin falsafar Turawan Yamma wajen mai tsofaffin littattafai, bangon ma har ya fara saluɓewa. A 1945 ya fito, ya ɗauko zance tun daga Thales, Bagirken da ya ce asalin komai ruwa ne, har zuwa zamaninsa. Mutumin ya iya rubutu wallahi, ga gatse ga barkwanci, ba a banza aka ba shi Nobel ta adabi a 1950 ba. To daɗin bakin nan shi ya cuce ni, duk wanda ya yaba sai in yaba, duk wanda ya yaga sai in yaga, alhali ko shafi ɗaya na mutanen ban taɓa buɗewa ba.

Hegel, masanin falsafar nan Bajamushe? Shirme ne, in ji ni. Nietzsche kuwa, shi ma Bajamushe, na riga na yanke masa hukunci saboda muhawarar da Russell ya ƙago tsakanin Nietzsche da Buddha a ƙarshen babin da ya yi a kansa, ban ma lura Russell ɗin ne ya rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba.

Ranar da asirina ya tonu muna zaune a majalisa bayan la'asar, ana shan shayi, na buɗe baki na ce ai Ibn Sina da Ibn Rushd 'yan sharhi ne kawai, ba su zo da sabon abu ba, kusan haka Russell ya ce a ɗan gajeren babin da ya ware wa Musulmi. Wani malami da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, me Gazali ya kafa hujja da shi a Tahafutul Falasifa, shi kuma Ibn Rushd me ya mayar masa?" Tsit. Sunan littafin ma, wanda Gazali ya soki masana falsafa a cikinsa, ranar na fara ji, sai zufa.

Ku karanta Russell, ban ce kar ku karanta ba, amma ku san ba alƙali ba ne, ɗan wasa ne a cikin fili da ƙungiyarsa, masu lissafi da manɗiƙi. Inda ya ƙware, kamar Leibniz, Bajamushe masanin falsafa da lissafi, da ya yi wa littafi guda tun 1900, za ku sha karatu. Kierkegaard kuwa, masanin falsafa ɗan Denmark, ko babi bai samu ba.

Yanzu in na gama babi sai in nemo ainihin rubutun mutumin da aka yi babin a kansa. Kare kan da Socrates ya yi a kotu, wanda Plato ya rubuta, zama ɗaya ake gama shi. Tunane-tunanen da Descartes, masanin falsafa Bafaranshe, ya wallafa a littafinsa na 1641 guda shida ne kacal, ni sati na yi a kan na biyu, wajen misalin kakin zuman nan da ya kai kusa da wuta, har yau ban gama yarda da shi ba.