Iskar bazara ta kwashe kwanon ɗakin Inna, ni kuma ina Agege

Daren Talata wajen ƙarfe tara ina zaune bakin teburin mai shayi a Agege, ana ɗan yayyafin nan na Legas da ba ya hana kowa harkarsa, sai ga kiran ƙanena daga gida. Na ɗaga ban ji komai ba sai huuu kamar yana tsaye gindin injin niƙa, can dai na tsinci "Yaya, ɗakin Inna..." shikenan layi ya yanke. Na kira ya fi sau 20 ba ta shiga. Duk wanda yake ci-rani ya bar tsohuwa a ƙauye ya san irin daren da na kwana, ga shayi ya huce a hannuna ban ma san na biya ko ban biya ba.

Sai da hantsi ƙanena ya hau tudun bayan firamare inda ake samun netwok ya kira ni. Kowa lafiya Alhamdulillah, amma rufin ɗakin Inna gaba ɗaya iska ta ɗauke har da katakon, an tsinto shi a gonar maƙwabta ya nannaɗe kamar tabarma.

Yaranmu da aka haifa a nan ba za su gane ba. A Legas tun Maris ko Afrilu ruwa ya fara, kuma damuwarmu ruwan ne kansa, kwata ta cika, ruwa ya shigo ɗaki a ɗora katifa kan benci, danfo ya maƙale a hanya. A wajenmu can Jigawa kuwa ruwan ba ya zama sosai sai wajen Yuni, abun tsoron shi ne makonnin da ke gabansa. Bazara ta gasa ƙasa, zafi ya haura digiri 40, danshin da ke tasowa daga teku ya iso ya tarar da busasshiyar iskar sahara, to a nan hadari ke haɗuwa. Kuma kusan kullum daga gabas yake tasowa, shi yasa da la'asar za ka ga tsofaffi suna ɗaga kai wajen gabas kawai. Da farko gari zai yi tsit, ko ganye ba ya motsi, kaji su fara shiga akurki da kansu tun rana ba ta faɗi ba. Sai gabas ta yi ja, ba baƙi ba, ja kamar an tono jar ƙasa an watsa sama. Sai wata iska mai sanyi ta bugo ka a fuska, daga nan kana da ƴan mintuna ne kawai. Wani lokacin ma duk wannan tashin hankalin holoƙo ne, ƙura ce zalla, ta yi ɓarnarta ta wuce ko ɗigo ɗaya ba a samu ba, wannan shi ya fi ciwo wallahi.

A gidanmu muna yara kowa da aikinsa kuma ba sai an faɗa maka ba. Inna ce ke fara kashe murhu, ko tuwo bai nuna ba sai ta watsa ruwa ta danne garwashin, don a bazara danga da zana da jinka duk sun bushe ƙayau, garwashi ɗaya iska ta ɗauka ya isa ya cinye unguwa. Yayata ta kwashe shanya da garin da aka baza a tabarma, ta kife kwanuka ta rufe randa da faifai ta ɗora dutse. Ni nawa awaki ne, in kwance su daga turke in tura su zaure suna turjewa suna ihu, akwai wata ja da sai na ɗauke ta cak. Baba kuma Allah ya jiƙansa, rumbu yake nufa ya duba igiyar da ta ɗaure jinkar, don in hular rumbu ta tashi ruwa ya sauka kan damin gero to abincin damina ne ya tafi, kuma lokacin ne hatsi ya fi tsada. Itace da kara a jawo su ƙarƙashin rumfa, in ba haka ba gobe hayaƙi zai sa Inna hawaye. Bayan nan sai kowa ya shige soro a ja ƙofa, ƙura na shigowa ta ƙasan ƙyaure, Inna na ta salati, in aka yi tsawa ƙannena su cusa kai cikin zaninta. Da safe har a haƙoranka sai ka ji yashi.

To a nan ne laifina yake, gara in faɗa da bakina. Wancan soron na ƙasa ne, rufin azara, kakanmu ya gina shi. Duk shekara kafin ruwa sai an hau an yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe inda ya tsage, aiki ne mai cin jiki kuma in aka yi sakaci yoyo zai hana kowa barci. Da na fara samun ɗan abun hannu a kasuwar Mile 12 sai na ga ai abun kunya ne a ce ina Legas uwata na kwana a ɗakin ƙasa, na tura kuɗi aka yi mata ɗaki na bulo aka buga kwano, har hoto na sa aka turo min ina nuna wa abokai. Abun da ban tambaya ba shi ne yadda aka ɗaure rufin. Ashe kafintan da ya yi aikin ɗora katako kawai ya yi kan bulo ya bi da ƙusa, babu langa-langa ko ƙarfen da zai riƙe katakon da jikin gini, kuma ya bar baki ya fito da yawa ta gabas, daidai inda iska za ta samu wurin shiga. Iska ba ta sama take danne kwano ba, ta ƙasa take shiga ta ɗaga shi kamar murfin tukunya. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, ni ne na yi ta cewa a rage kuɗi a rage kuɗi. Daga baya ƙanena ya jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a sama irin yadda kowa ke yi, su ma tare aka tafi da su.

Soron kaka kuwa yana nan ko gezau, a ciki ma Inna ta kwana.

Wani abun kuma, da can gabashin gidanmu akwai layin darbejiya da wata ƙatuwar tsamiya da ke karya ƙarfin iska kafin ta iso. Yanzu fili ne fetal, an sare an yi itace da gawayi, wasu mu muka sayar da kanmu lokacin da aka matsu. Ana ta maganar shirin nan na katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007, Jigawa ma na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, amma ni dai tsamiyarmu nake tunawa.

Da na ba da labari a kasuwa sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ne, wannan katangarsu ta faɗi a Katsina, wancan ƙanƙara ta kashe masa kaji a Zamfara, daga Afrilu zuwa Yuni rabin transfar da muke yi wajen mai POS ta gyaran rufi ce. Na tura na bandir ɗaya, falle 20 kenan, za a haɗa da waɗanda aka iya miƙewa cikin tsofaffin, na kuma ce wannan karon a ɗaure da langa-langa kowane katako, a ɗauko min bidiyo in gani da idona.

Da yamma aka ba Inna wayar. Na fara ba ta haƙuri ina cewa laifina ne, sai ta katse ni ta ce "kai rabu da kwano, ruwan fa ya jiƙa ƙasa sosai." Geron da suka yi binne makon jiya take ta lissafi, ta ce yara sun kwana kamun shinge a gindin fitilar sola, kuma in na tashi turo kuɗin kafinta in ƙara da na taki.