Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Malam ya shigo da hotuna

Wancan satin na tsaya a inda sunana ya fito a kiriminoloji, wato nazarin laifi da masu aikata shi. Ni fa da na shiga na ɗauka kamun ɓarawo za a koya mana, su zanen yatsa da bin sawu irin na fim, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Lakcarmu ta uku Malam ya shigo da hotunan maza goma ya manna a allo, ya ce kowa ya nuna masu laifin ciki. Aji ya kaure, ni har da rantsuwa na nuna wani mai faɗin muƙamuƙi da jajayen idanu, na ce Malam wallahi wannan ko a mafarki na gan shi sai na ruga. Sai da muka gama surutunmu tas ya ce mutum ɗaya ne kacal aka taɓa ɗaurewa a cikinsu, mai kwat ɗin nan mai murmushi da ba wanda ya ko kalla, kuɗin ma'aikatarsu ya wawure. Wanda na nuna kuwa ƙanin Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan ya kawo mana Cesare Lombroso, likita ɗan Italiya da ya dinga auna kawunan fursunoni, a 1876 ya ce wai ana haifar mutum da laifi kuma ana gani a fuska. Charles Goring na Ingila ya gwada fursunoni wajen 3,000 da waɗanda ba fursunoni ba, a 1913 ya nuna babu wata fuskar mai laifi. Shi kuma Edwin Sutherland na Amurka a 1939 ya ce ku daina kallon talaka kawai, ku leƙa manya masu ofis. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yau da ina da kaki da ankwa, ƙanin Malam zan damƙe, mai kwat ya wuce ina gaishe shi.

Da daddare Yaya ya kira yana tsokanata, ƴar sanda ya karatu? Na ce Yaya bar ni tukuna, ban ma san ko aikin ɗan sandan zan yi ba ko na gidan gyaran hali. Ya yi shiru, don shi ya biya min kuɗin rajista da wannan burin.

Sati mai zuwa zan ba ku labarin ranar da aka kai mu gidan yari, da yaron da na tarar yana jiran shari'a.