Malam-buɗe-littafi mai jinjirin wata a fiffike

Duk wanda ya zauna a gabashin Amurka ya taɓa ganinsa, ko da bai kula ba. Ɗan mitsitsi ne, in ya buɗe fikafikai da kyar yake wuce santimita uku, kuma ƙasa-ƙasa yake tashi, dab da ciyawa. A nan jihar Maryland pearl crescent ake ce masa, masana kuma su ce Phyciodes tharos. Wani Bature ɗan Ingila, Dru Drury, shi ya fara bayaninsa a rubuce tun 1773.

Bayansa ruwan goro ne, da baƙin gefe da siraran zane. Abin da ya sace min zuciya kuwa sai ya rufe fikafikai ake gani. A ƙasan fiffiken baya, can wajen baki, akwai tabo mai duhu, a tsakiyarsa ɗan farin jinjirin wata, siriri kamar na daren sallah. Sai ka durƙusa ka yi haƙuri. Bayan an ɗauke ruwa mazan kan taru a bakin taɓo suna tsotsar gishirin ƙasa, nan na fi samunsu a natse.

Macen a kan tsiron asta kawai take ƙwai, wani fure mai yawa a bakin hanya da fegi. Tana jera su curi guda a ƙarƙashin ganye, wani lokaci fiye da ɗari. Tsutsotsin da farko tare suke cin ganyen, ƙanana, masu duhu da ƙayoyi, daga baya kowace ta kama gabanta, ta rataye da kai ƙasa, ta daskare, har mai fiffike ya fito. Daga Afrilu zuwa kaka ana yin zuri'a biyu ko uku.

Ta ƙarshen ce nake tausayi. Sanyi na riskar tsutsar tana rabin girma, sai ta daina ci, ta lafe cikin busassun ganyaye a gindin astar, ta yi wata da watanni a haka, wani lokaci dusar ƙanƙara ta rufe ta. A daidai lokacin ne maƙwabtana ke share ganye tas, su ɗura a buhu, mota ta kwashe. Raina ba ya son ganin buhunan nan. Lungun bayan gidana dai ba na kai masa tsintsiya ko injin yankan ciyawa sai watan Mayu ya kama, lokacin masu barcin sun farka sun koma kan sabon ganye.