Bin diddigin hom ran 61 na Roger Maris a tsofaffin takardu

Duk wanda zai binciki tseren hom ran na 1961 a wasan besbol na Amurka, ya fara da jera wasannin ƙungiyar New York Yankees ɗaya bayan ɗaya. Kada ya dogara da jimillar da aka buga a ƙarshen kaka. Hom ran shi ne bugun da ke tsallake da ƙwallo bayan shinge, mai bugun ya zagaye sansanoni huɗu ya ci maki. Babe Ruth ya kafa tarihin hom ran mafi yawa a kaka guda da 60 a 1927, Roger Maris ya yi 61 a 1961, abokin wasansa Mickey Mantle ya tsaya a 54.

Rigimar duk a kan yawan wasanni take. A zamanin Ruth wasa 154 ake yi, a 1961 kuwa aka mai da su 162 a rukunin da Yankees ke ciki. Shugaban besbol na lokacin, Ford Frick, ya ce in ba a cikin wasa 154 aka karya tarihin ba, to a ware shi daban. Nan masu lissafi ke tuntuɓe. Yankees sun yi kunnen doki sau ɗaya a 1961, don haka wasa 163 suka buga. Wasan ranar 20 ga Satumba a Baltimore, inda Maris ya buga na 59, shi ne na 155 a fili amma na 154 a ƙidayar Frick. Saboda haka a buɗe layi biyu a takardar aiki, ɗaya na wasannin da aka buga, ɗaya na waɗanda aka samu mai nasara. A ganina ma yawan tsayuwa gaban mai jifa ya fi yawan wasa adalci: Ruth 691, Maris 698.

Akwai kuma bugun da ba ya shiga lissafi. A wancan lokacin, wasan da ruwan sama ya katse kafin ya cika zagaye biyar shafe shi ake yi ɗungurungum. Haka Maris da Mantle suka yi asarar hom ran ɗai-ɗai a Baltimore a watan Yuli. Jaridar washegari za ta ba da labarinsa, kundin hukuma kuwa ba zai nuna shi ba.

Aikin da ya fi cin rai shi ne tantance jadawalin alƙaluman kowane wasa da jaridu ke bugawa. A tara tsayuwar bugu da aka ƙirga wa ƙungiya a hukumance, ko an dace ko ba a dace ba, da tafiya sansanin farko kyauta, da waɗanda ƙwallo ta buga a jiki, da bugun sadaukarwa, wato wanda mai bugu ke yarda a fitar da shi don abokin wasansa ya ci gaba. Dole jimillar ta yi daidai da makin da suka ci, haɗe da waɗanda aka bari a sansani da waɗanda aka fitar. In bai daidaita ba, akwai kuskure, galibi na mai shirya haruffa a maɗaba'a ko na wakilin da ya aika sakamako ta waya cikin dare. Sai a nemo jaridar garin masu masauki da ta garin baƙi a gwada, sannan a duba rumbun Retrosheet, wanda David Smith ya kafa a 1989, mai ɗauke da bayanin wasa bugu bayan bugu.

Da irin wannan tankaɗe da rairaya ne mai bincike Ron Rakowski ya gano an ƙara wa Maris RBI guda, wato makin da bugunsa ya shigar, alhali kuskuren mai tsaro ne ya kawo shi. Adadin ya sauko daga 142 zuwa 141, ya yi daidai da na Jim Gentile, ɗan wasan Baltimore.

Hom ran na 61 dai ba shi da tababa: 1 ga Oktoba, filin Yankee, zagaye na huɗu, daga hannun Tracy Stallard na Boston, kuma shi kaɗai ne makin wasan. Mutum 23,154 kacal suka kalla. Sai a 1991 wani kwamiti ƙarƙashin Fay Vincent, shugaban besbol na lokacin, ya tabbatar wa Maris tarihin shi kaɗai, shekara shida bayan rasuwarsa.