Abin da jirgin Nauru ya koya mini game da kujerar da babu kowa a kanta

A harkar jiragen sama, kujerar da ta tashi babu fasinja ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe. Wannan ne abu na farko da ake cusa wa duk wanda ya shiga karatun sufuri. Ni dai bai zauna mini daram ba sai da malaminmu ya ba mu aikin bin tarihin kamfanin jirgin ƙasar Nauru.

Nauru tsibiri ne guda tak a Tekun Pasifik, girmansa murabba'in kilomita 21, a mota ka zagaye shi ba ka ci awa ɗaya ba. Ta sami 'yancin kai a 1968, ta kuma karɓi ragamar ma'adinin fosfet, wanda ake yin takin zamani da shi. Kuɗi suka shigo har ƙasar ta shiga sahun waɗanda suka fi arziki a duniya idan aka raba dukiyar bisa yawan mutane. A 1970 Air Nauru ya fara tashi da ɗan ƙaramin jirgi na haya, ƙirar Falcon 20, tsakanin tsibirin da Brisbane a Ostareliya. Zuwa nan babu abin zargi. Mutanen da ruwa ya kewaye su ta ko'ina dole su nemi hanyar fita.

Inda zancen ya sauya shi ne farkon shekarun 1980. Kamfanin ya tara jirage 7, Boeing 727 guda 2 da Boeing 737 guda 5, a ƙasar da mutanenta ba su kai dubu goma ba. Kujerunsu sun kai wajen kashi 10 cikin ɗari na al'ummar ƙasar kaf. Ana tashi zuwa Hong Kong, Manila, Honolulu, Auckland, Guam, har Kagoshima a Japan. A taswira abin gwanin ban sha'awa, amma galibi kashi 20 cikin ɗari na kujerun ne kawai ke da mutane, wani sa'in ma jirgi ya tashi kusan wayam.

Malamin ya sa muka zauna da takarda da biro muka jera kuɗin tashi ɗaya: mai, kuɗin sauka a filin jirgi, albashin matuƙa da ma'aikatan ciki, otal ɗinsu a can, inshora, gyaran inji da ake lissafawa da awannin tashi. Sai ya ce mu cire fasinja tamanin daga cikin ɗari, mu nuna masa layin da ya ragu. Muka duba, muka sake dubawa. Abinci ne ya ragu, sai ɗan abin da ba a rasa ba na mai. Direban motar haya a tasha yana iya kashe mota ya jira lodi ya cika, shi kuwa jirgi lokacinsa na yi zai tashi, ko da mutum biyar ne a ciki. Gwamnati ce ke cike giɓin da kuɗin fosfet, shekara da shekaru, don haka babu wanda ya ji zafin asarar balle ya yi tambaya.

Fosfet ya ja baya, aka yi ta sayar da jirage har ya rage saura ɗaya, Boeing 737-400. A Disamban 2005 bankin gwamnatin Amurka mai tallafa wa fitar da kaya, wanda ke bin bashin jirgin, ya sa aka riƙe shi a Melbourne bayan hukuncin kotu.

A nan ne muka rabu biyu a aji. Wasu suka ce ai dama ƙasa irin wannan ba ta da hurumin mallakar kamfanin jirgi, ta bar wa manya su yi. Ni ban bi su ba, har yau kuma ban bi su ba. Wane babban kamfani ne zai ɗauki jirginsa ya yi tafiyar sama da awa huɗu daga Brisbane don mutum dubu goma? A Nauru jirgi ne ke kai maras lafiya asibitin waje, shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke kawo magani da ɗanyen abinci. Asarar da aka yi a kan wannan hanya kuɗin rayuwa ne, ƙasa na iya ɗaukarta da idonta biyu. Wadda aka yi a hanyar Kagoshima kuwa ta neman suna ce. Duka biyun a littafin akanta jan biro ɗaya ake rubuta su da shi, kuma raba su ne aikin da ya fi ba ni wuya a duk kwas ɗin.

A 2006 kamfanin ya sauya suna zuwa Our Airline, yana aiki da Boeing 737-300 da aka saya da taimakon Taiwan, wadda Nauru ta koma hulɗar jakadanci da ita a 2005. (A 2024 kuma ta juya wa Taiwan baya ta koma wajen Sin, amma wannan wani zance ne.) A 2014 aka sake masa suna Nauru Airlines. Yanzu hanyoyinsa na kusa ne, irin su Brisbane, Nadi a Fiji, Tarawa a Kiribati da Majuro a Tsibiran Marshall, inda tsibiran maƙwabta ma suke buƙatarsa. Yana ɗaukar kaya, yana ba da hayar jiragensa tare da matuƙa, kuma yawancin aikin ofis da gyara a Brisbane ake yinsu.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne, wani kaso na zirga-zirgar tsibirin ya rataya ne a kan sansanin da Ostareliya ke ajiye masu neman mafaka, wanda aka buɗe a 2001, aka rufe a 2008, aka sake buɗewa a 2012. Ma'aikata da 'yan kwangila na cika kujeru, gaskiya ne, sai dai majalisar wata ƙasa ce ke yanke ko za su ci gaba da zuwa, ba ta Nauru ba.